Wa ya kashe Onyxia? Abin da ke faruwa idan duniyar gem ta koma littafin zane

A ƙarshen shekarar 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya buɗe gem ɗin World of Warcraft, wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda ta intanet, kowa da nasa jarumin, a cikin wata ƙirƙirarriyar duniya mai suna Azeroth. Daga cikin manyan abokan gaba na farkon wasan akwai Onyxia, wata baƙar macijiya mai fiffike da aman wuta, wadda ta rikiɗe ta zama mace, ta shige fadar birnin Stormwind da sunan Katrana Prestor, tana juya masarautar ta bayan fage. A wancan lokacin ba a kai ta ƙasa sai 'yan wasa har 40 sun haɗa ƙarfi, kowa yana zaune a ɗakinsa, sun raba dare suna faɗuwa suna tashi. Ranar da suka dace, ɗaya daga cikinsu zai ɗauki kanta ya kai birni, a rataye shi a bainar jama'a, duk mai wucewa ya gani.

A 2007 sai ga littafin zane na wannan duniyar ya fara fitowa wata-wata daga WildStorm, wani reshe na DC Comics, Walter Simonson yana rubutawa, Ludo Lullabi yana zana fitowar farko-farko. Ana cikin tafiya, littafin ya nuna cewa Sarki Varian Wrynn ne ya kashe Onyxia da takobinsa, kuma wannan ne ya zama labarin da kamfanin ya tsaya a kai. To su waɗancan 40 ɗin da suka hana idonsu barci fa?

Mutumin Daura ba zai sha wuyar gane wannan rigima ba. A labarin rijiyar Kusugu, da gari ya waye aka iske macijiya a mace, masu cewa su suka kashe ta sun yi yawa, kuma abin da ya raba gardama shi ne kai: baƙon da ya fito da shi shi ne mai gaskiya, sauran suka kama gabansu. A Azeroth kuwa kowa yana da kai a jakarsa. Ƙungiyoyi bila adadin sun kashe ta, bayan 'yan kwanaki ta sake dawowa da rai don wasu su ma su samu nasu rabon. Gem ya yarda da hakan, don da haka aka gina shi. Takarda ba ta yarda ba. Mai zane dole ya zana hannu ɗaya riƙe da takobi, kuma da zarar ya zana shi, ya ƙwace aikin daga hannun duk wanda ya taɓa yin sa.

Duk wahalar wannan sana'a daga nan ta taso. Mai wasa shi ke zaɓen jaruminsa, shi ke yanke shawara, shi ke tsayawa inda ya ga dama. Marubucin littafin zane kuwa an miƙa masa duniyar da mutane miliyoyi suka riga suka zauna a ciki (a 2010 masu biyan kuɗin World of Warcraft wata-wata sun kai miliyan 12), aka ce ya ba su labari guda ɗaya a kanta, ba tare da ya taka abin da kowannensu ke ganin nasa ne ba.

Me ya sa kamfanonin ke jefa kansu cikin wannan? Ba don cinikin littafin ba ne. Kuɗin da ake samu a kansa bai kai a kwatanta shi da na gem ba. Lokaci suke saye. Babban gem yana cin shekaru da ma'aikata ɗaruruwa kafin ya fito, kuma a tsakanin fitowa da fitowa mutane kan manta. Dubi Dragon Age na kamfanin BioWare da ke Kanada: kashi na uku, Inquisition, ya fito a 2014, na huɗu, The Veilguard, sai 2024. Shekara goma cur. A cikin wannan tazara kamfanin Dark Horse ya yi ta sakin gajerun jerin littattafai, Magekiller, Knight Errant, Deception, Blue Wraith, Dark Fortress, har zuwa The Missing a 2023, wanda ya bi biyu daga cikin jaruman wasan, Varric da Harding, suna farautar Solas, tsohon abokin tafiyarsu da ya juya musu baya, ya ajiye mai karatu dab da inda sabon gem ɗin zai ɗauka. Marubuci ɗaya ko biyu, mai zane, mai launi, mai shirya rubutu: ga su nan, 'yan tsiraru, sun riƙe wa kamfani masoyansa da kuɗi kaɗan. Sai dai ba su da 'yanci. Duniyar ba tasu ba ce, haya aka ba su, kuma kowane shafi sai mai ita ya duba ya amince. Ba za su kashe babban jarumi ba sai da izini, ba za su tona asirin da aka tanada don gem na gaba ba.

A koma kan Varian, don a nan aka ga amfanin abin da illarsa a wuri guda. A gem na asali sarkin Stormwind ya ɓace, ƙaramin ɗansa Anduin ke kan gado, kuma akwai wani dogon aiki da ake ba mai wasa na bin sawun ɓatansa, wanda ya katse ba tare da an kai ƙarshe ba. Littafin ne ya ɗauki zaren. Ya buɗe da wani mutum da igiyar ruwa ta watso gaɓar Durotar, bai san sunansa ba, bai san daga ina ya fito ba, ga wani ƙaton kada ya taso masa. Wani Orc (jinsin wasu ƙattin mayaƙa a wannan duniyar) mai suna Rehgar, mai kiwon bayi 'yan dambe da takobi, ya tsaya yana kallon yadda wannan baƙo ke kare kansa, ya ga haja, ya sa aka ɗaure shi. A filin fafatawa ya samu laƙabin Lo'Gosh, ya yi faɗa kafaɗa da kafaɗa da wasu bayi 'yan uwansa, Broll da Valeera, daga baya gaskiya ta fito cewa shi ne sarkin, kuma sihirin Onyxia ne ya tsaga shi gida biyu, mai zafin zuciya da mai sanyin hali. Wannan rabin na farko, a ganina, ya yi aikinsa. Ya ɗauki mutumin da a gem suna ne kawai, ya ba shi fuska da tabo da fushi.

Illar ta bayyana a 2008, lokacin da aka saki Wrath of the Lich King. Masu wasa suka shiga fada suka tarar da wani sarki mai tsawa a tsaye, yana maganar tsohuwar gaba tsakaninsa da Orc, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin ba. Ina ya fito? Me ya fusata shi? Amsar tana cikin takardar da sai ka biya wani kuɗin daban. Wannan ƙorafi ya daɗe yana bin Blizzard: a ɗauke muhimmin ɓangaren labari daga inda mutane suke, a kai shi inda 'yan kaɗan ke leƙawa.

Rabi na biyu kuma ya fi muni. Aka shigo da wani yaro, Med'an, ɗan wani babban matsafi Medivh da wata mayaƙiya Garona, wanda ya haɗa jinin jinsi uku, aka ɗora masa kowane irin ƙarfi, har ya zama tamkar shi ne zai ceci duniya. Masoya wasan suka ƙi shi ƙememe, kuma dalilinsu a fili yake: idan akwai yaro irin wannan, su mene ne amfaninsu? Jerin ya tsaya a 2009, Med'an bai taɓa samun gurbi a cikin gem ba. Da aka buga juzu'i na uku na littafin tarihin duniyar, Chronicle, a 2018, sai aka sa sunansa a jerin sunayen ƙarshe, aka ce a duba shafi na 404. Littafin bai kai wannan shafin ba, kuma 404 ita ce lambar da intanet ke nuna maka idan abin da kake nema babu shi. Kamfani ne ke yi wa ɗan da ya haifa shaguɓe.

Matsalar Dragon Age ta wani gefen ce, kuma ta fi zurfi. An gina wasan ne kan zaɓi. A kashi na farko, Origins, na 2009, akwai wani saurayi Alistair, ɗan sarki ta bayan fage. Kana iya ɗora shi kan gadon sarautar Ferelden, kana iya barinsa soja, kana iya sa a kore shi ya ƙare a mashaya, kana ma iya sa a kashe shi. Kowane ɗan wasa yana da nasa Alistair. Da David Gaider, babban marubucin wasan, da Alexander Freed suka rubuta The Silent Grove a 2012, da biyun da suka biyo baya, Those Who Speak da Until We Sleep, sai suka zaɓi ɗaya: Alistair sarki ne, ya fita tare da wasu jaruman wasan biyu, Isabela da Varric, neman mahaifinsa, Sarki Maric. Wanda ya kashe Alistair a nasa wasan yana buɗe littafin ya ga an ƙaryata shi tun shafin farko. Littattafan da suka zo daga baya sun koyi darasi. Suka bar manyan jarumai a gefe, suka ƙirƙiro nasu mutanen, ɓarauniya, tsohon barden da giya ta cinye, masu farautar matsafa, suka kai su lungunan da gem bai taka ba, musamman ƙasar Tevinter da aka daɗe ana jin sunanta ba a gan ta ba. Ni dai waɗannan sun fi kwanta mini. Ba su taɓa kayan kowa ba, kuma sun faɗaɗa duniyar.

Japanawa sun bi wata hanyar. A gem ɗin The Legend of Zelda na Nintendo, jarumin, Link, ba ya magana. Da gangan aka bar bakinsa a rufe, don mai wasa ya sa nasa tunanin a ciki. To yaya za a cika shafi 190 da mutumin da ba ya cewa uffan? Shotaro Ishinomori ya ba shi baki a jerin da ya zana wa mujallar Nintendo Power a 1992. Daga baya wasu mata biyu da ke aiki da suna guda, Akira Himekawa, suka karɓi aikin, suka mayar da gem bayan gem zuwa manga, wato littafin zane irin na Japanawa, har da Twilight Princess mai juzu'i 11, daga 2016 zuwa 2022. Su ba su taɓa cewa nasu ne ingantaccen tarihi ba, kuma wannan ya sake musu hannu.

Ga misali guda daga Ocarina of Time, gem na 1998. A cikin wasan akwai wani dodon wuta mai suna Volvagia a cikin dutse mai aman wuta. Kana shiga, kana jira ya leƙo daga rami, ka maka masa guduma, ka sare shi, a maimaita har ya mutu. Ba ka san shi ba, ba ruwanka da shi. A manga kuwa sai aka koma baya: Link yana yaro ya ga ɗan jaririn dodo a keji a kasuwa, ya kwashe kuɗinsa ya saye shi, ya sake shi, dodon ya maƙale masa har ya koyi faɗin sunansa. Bayan shekara bakwai mugun sarki Ganondorf ya juyar da hankalin dabbar, kuma Link ne dole ya sare ta. Tana mutuwa ta gane shi, ta kira sunansa. Faɗan da ke cin mintoci a gem, ana gumi ana latsa maɓalli, a nan 'yan shafuka ne, amma ya fi ciwo nesa ba kusa ba. Masu zanen sun fahimci cewa wahalar da hannu ke sha ba ta hawa takarda, don haka suka musanya ta da abin da takarda ta iya.

Wannan batu na wahala shi ne abin da da yawa ke tuntuɓe a kansa. Kaso mafi girma na lokacin da mutum ke ɓatawa a gem irin wannan maimaici ne: tafiya, tara kuɗi, sayen sulke, mutuwa, sake gwadawa. Daɗin nasara daga nan yake zuwa. Idan mai zane ya kwafe shi yadda yake, littafin ya zama jerin faɗace-faɗace marasa ɗanɗano. Idan ya zubar da shi gaba ɗaya, ƙamshin gem ɗin ya tafi. Mafita mafi wayo da na gani ita ce ta Elden Ring, wasan FromSoftware na 2022, wanda ya shahara da tsanani da duhu da kashe mai wasa ba adadi. Kowa ya zaci za a yi masa littafi mai ban tsoro. Sai Nikiichi Tobita ya fito da The Road to the Erdtree a matsayin barkwanci: zanen duniyar da dodanninta an yi shi da gaske, da kyau ƙwarai, amma jarumin, Aseo, wani talaka ne da ya farka daga shi sai ɗan kamfai, kullum cikin shan kashi da ruɗewa. Haka yawancin masu wasan suka rayu a cikinsa, ba kamar gwaraza ba. Mangar ta ba da labarin ɗan wasa ne, ta bar tarihin duniyar yadda gem ya bar shi, a warwatse, kowa ya tsinta.

(The Witcher ba ya cikin wannan sahu sosai, ko da yake ana yawan jefa shi ciki. Labaran Andrzej Sapkowski ne tun 1986, an zana su a Folan tun 1993, kafin gem ya zo a 2007. Jarumin, Geralt, ya riga ya samu suna da hali da baki, shi ya sa littattafan Dark Horse da suka fara a 2014 ba su sha irin wannan wuyar ba.)

A nan Katsina, yaro ya fi haɗuwa da waɗannan duniyoyi ta baya. Shiga shagon gem da yamma, wajejen Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya: janareta na kuka a waje, talabijin uku ko huɗu a jere, benci cike, ana biyan kuɗi wasa-wasa. Ƙwallo ake bugawa, sai Mortal Kombat, wani lokaci God of War. Ba wanda zai biya kuɗin awa 60 don ya bi labarin Ferelden, kuma World of Warcraft yana son kwamfuta mai ƙarfi, da intanet da ba ya yankewa, da biyan dala duk wata. Amma a ƙarshen bencin za ka ga wani ya duƙufa kan waya, yana jan shafi da babban yatsa, yana buɗe hoton da yatsu biyu don ya karanta abin da ke cikin kumfar magana. Ƙaninsa na leƙe ta kafaɗa yana cewa, "Yaya, wannan mai tabon fuskar shi ne bos?" Shi kuma ya ce, "Kai dai bari, sarki ne, mantuwa ta kama shi." Wannan mai karatu bai taɓa kashe Onyxia ba, babu abin da aka ƙwace masa. A wurinsa littafin shi ne asali, gem ɗin kuma jita-jita. Littafin da aka yi don ya zama ƙari ga masu wasa, a hannunsa ya zama dukan abin, kuma nan take rauninsa ke fitowa: wanda aka rubuta da zaton ka riga ka san garuruwa da jinsuna da tsohuwar gaba, sai ya bar shi a tsakiyar hanya. Na Zelda da rabin farko na labarin Varian suna tsayawa da ƙafarsu. The Missing ba ya tsayawa.

Akwai kuma abin da iyaye za su tambaya, kuma suna da hujja. Waɗannan duniyoyi cike suke da tsafi da gumaka da allolin ƙarya, ga jini, ga shigar da ake zana wa mata irin su Valeera da Isabela wadda ba a son a gani a wayar ɗan shekara 12. Kasancewar abu zane ne bai mayar da shi na yara ba. Na Zelda ya fi sauƙi ta wannan fuska; na Dragon Age da The Witcher na manya ne, gem ɗinsu ma haka aka yi musu lamba.

Ba Turawa da Japanawa kaɗai ke wannan aiki ba. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games da Olivier Madiba ya kafa a Yawunde ya saki Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, labarin wani yarima Enzo da matarsa Erine da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, daga baya kuma suka mayar da shi littafin zane. Su sun samu sauƙi ta wuri ɗaya: jarumi ɗaya ne, hanya ɗaya ce, kuma duniyar tasu ce, ba haya ba.

Wannan ya sa ake yawan jin matasanmu na cewa me zai hana a yi na Bayajidda, ko na Korau da Sanau. Kayan aiki kam akwai: baƙo daga Bagadaza, maƙeran Gaya, tsohuwa Ayana da gugarta, Magajiya Daurama, a Katsina ga kokawar da ta sauya gidan sarauta, ga takobin Gajere, ga Durɓi ta Kusheyi, ga hasumiyar Gobarau. Amma duk wanda zai taɓa su zai gamu da matsalar da ta fi ta Blizzard nauyi. Mai ba da labari da baki yana cewa "macijiya" ya wuce, kowane mai sauraro ya auna ta da nasa tsoron. Mai zane sai ya yanke tsawonta da kaurinta. Sai ya yanke ko Bayajidda fari ne ko baƙi, da rawani ko babu, wane irin sirdi ke kan dokinsa, wace irin katanga ta kewaye Daura a wancan zamani, Daurama tsohuwa ce ko matashiya. Ruwayoyin ma ba su zo ɗaya ba, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan me labarin ke nufi. Azeroth tana da kamfani guda da zai ce wannan ne daidai, ya kuma soke Med'an idan ya ga dama. Labarin Kusugu yana da fada, da zuri'a masu rai da ke jingina asalinsu gare shi, da malaman jami'a, da tsofaffin da suka ji shi daga kakanninsu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai sa hannu a takardar haya a madadin sauran.